'Yan Ruwa Biyu: Giyar Kolon, Giyar Dusaldof, da Abin da Harshe ke Ji



A shekarar 2016, wani malamin jami'a a birnin Dusaldof na ƙasar Jamus, Farfesa Helmut Quack, ya tara maza 100. Rabinsu 'yan Kolon ne, rabi 'yan Dusaldof. Kowane ɗayansu ya tashi yana jin manya suna cewa giyar garinsu ita ce giya, ta maƙwabta kuwa ba ta shawuwa. Aka miƙa musu kofuna ta yadda ba za su ga launin abin da ke ciki ba, aka ce su kurɓa su faɗi wacce ce ta Kolon, wacce ce ta Dusaldof. Da aka ƙirga amsoshi, kashi 55 cikin 100 ne kawai suka dace. Ko mai canki-canka da bai taɓa taka Jamus ba zai iya samun kashi 50.

To, yaya aka yi haka? Giyar Kolon fara ce kamar karan dawa busasshe, ta Dusaldof ja ce kamar tagulla. Garuruwan biyu sun daɗe suna tsokanar juna a kansu. Shin bambancin a baki yake, ko a ido, ko a zuci? Abin da za mu bi diddigi ke nan yau.

Kafin mu yi nisa, ga wata magana da ba za mu tsallake ba. Mafi yawan masu sauraronmu Musulmi ne, kuma hukuncin giya a Musulunci a fili yake: haramun ce. Shirin nan ba ya kiran kowa ya kusance ta. Mun ɗauko batun ne saboda ba a fahimtar mutanen bakin Kogin Rayin, inda garuruwan biyu suke, sai an san wannan ɓangare na rayuwarsu, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu na zaune a cikinsu, wasu na karatu, wasu na neman abinci. Sunan Kolon ma ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin daga can sashen Hausa na Muryar Jamus ya daɗe yana magana kafin tashar ta koma Bon a 2003. Sannan ilimin da ke ƙarƙashin labarin, ilimin hatsi da tsiro da zafi da sanyi, ilimi ne da uwar gida mai dama kunu ta san rabinsa tun ba a faɗa mata ba.

Mu fara da yisti. Duk mai gidan burodi a Kano ko Maraɗi ya san ƙullinsa ba ya tashi iri ɗaya a bazara da hunturu. Da zafi, kafin ka juya ya kumbura ya cika kwano. Da sanyi sai ka lulluɓe shi ka jira. Dalili kuwa shi ne yisti abu ne mai rai. Yana cin zaƙin da ke cikin hatsi, yana fitar da iska da barasa. Idan wuri ya yi ɗumi, sai ya yi aiki da gaggawa, kuma a cikin gaggawar yakan saki wasu ƙamshe-ƙamshe masu kama da na ayaba ko tuffa. Idan wuri ya yi sanyi, sai ya tafi a hankali, ya bar ruwan ba tare da wani ƙamshi nasa na kansa ba, sai na hatsin kawai.

A kan wannan ne giyar Turai ta rabu gida biyu. Akwai yistin sama, wanda ke son ɗumi, daga digiri 15 zuwa 22 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan yana aiki yakan taso sama ya yi kumfa mai kauri. Shi ne tsohon yistin, ɗan'uwan na burodi, kuma abin da yake haifarwa Ingilishi ke kira ale. Akwai kuma yistin ƙasa, mai son sanyi, wajen digiri 7 zuwa 13, wanda ke kwantawa a gindin tukunya idan ya gama. Abin da yake haifarwa ake kira lager, daga kalmar Jamusanci mai nufin ajiya, domin bayan an gama sai an ajiye ta makonni a wuri mai sanyi ƙwarai. A wannan ajiyar ne warin kibiritu da wani maiƙo mai kama da man shanu da yisti kan bari suke gushewa, ruwan ya tace ya yi garau.

Wani abin sha'awa, shi kansa yistin ƙasan ruwa biyu ne. Masana sun daɗe da sanin ɗaya daga cikin iyayensa shi ne yistin sama, amma ɗayan ya ɓace musu. Sai a 2011 aka ba da rahoton gano shi a jikin itatuwan dajin Patagoniya, can kudancin Ajantina, wuri mai tsananin sanyi. Daga wajensa ɗan ya gaji juriyar sanyin.

Mutanen Bawariya, a kudancin Jamus, su ne suka fara riƙe yistin ƙasa da kyau. Suna da duwatsu, suna da kogunan dutse masu sanyi, suna da ƙanƙarar da suke sarewa daga tafkuna da hunturu. A 1553 ma sarkinsu ya hana dafa giya da rani gaba ɗaya. A 1842, wani Babawariye mai suna Josef Groll ya tafi garin Filsen, a ƙasar Cek ta yau, ya haɗa yistin ƙasa da farin tsiro, ya fito da giya mai ruwan zinariya da ba a saba gani ba. Bayan shekara 30 da ɗoriya, injiniya Carl von Linde ya ƙera injin sanyaya wuri, aka daina jiran hunturu. Ga jirgin ƙasa, ga kofin gilashi ya yi araha kowa na son ya ga abin da yake sha. Cikin ɗan lokaci lager ta mamaye kasuwa, tsofaffin gidajen yistin sama suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Kolon da Dusaldof suka ƙi sakin nasu. A Kolon ma, tun a 1603 majalisar birnin ta taɓa kafa dokar da ta hana aiki da yistin ƙasa. Amma kasuwa ba ta jin doka, mai saye ya riga ya ɗanɗani abu mai tsabta, ba zai koma wa gurɓatacce ba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Sai masu sana'ar suka yi dabara: suka riƙe yistin kakanninsu, amma suka sa shi aiki a ƙarshen sanyin da zai iya jurewa, wajen digiri 15 zuwa 18, sannan suka ari ajiyar sanyi daga abokan hamayya, suka kwantar da giyar makonni a kusa da daskarewa. Uba ɗan gidan ɗumi, reno a gidan sanyi. Wannan shi ne abin da ake nufi da giya 'yar ruwa biyu.

Yanzu mu shiga Kolon, mu leƙa ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da ke kewaye da babbar majami'ar birnin. Teburan katako ne, an goge su har sun yi fari. Hayaniya kamar kasuwa. Ga wani mutum nan sanye da shuɗin gyauton aiki, da jakar fata ta kuɗi a ƙugu, yana ratsa mutane. Sunan aikinsa Köbes. A hannunsa akwai wani faranti zagayayye mai mariƙi a tsakiya, da ramuka a kewaye, kowane rami da dogon kofi siriri a tsaye. Kofin ana kiransa Stange, wato sanda, kuma abin da yake ci bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba. Köbes ba ya tambaya. Da ya ga kofi ya ƙare sai ya ɗauke, ya dire cikakke, ya zaro fensir daga bayan kunne ya ja layi ɗaya a jikin ɗan kwalin da ake ɗora kofi. Layukan nan su ne lissafi. Wanda ya ƙoshi sai ya ɗauki kwalin ya rufe bakin kofinsa, shi ke nan an gane.

Ƙanƙantar kofin tana da dalili, kuma dalilin na ɗanɗano ne. Kölsch, haka sunan giyar yake, kuma haka sunan karin harshen mutanen garin yake, abu ce mai laushi da ba ta jure jira. Da farin tsiron sha'ir ake yin ta, wanda aka busar a wuta kaɗan, don haka ba ta da garɗi mai yawa, sai ɗan zaƙi-zaƙi irin na cikin farin burodi. Yistin saman da aka takura da sanyi yakan bar ɗan ƙamshin tuffa, siriri ƙwarai, wanda masu ɗanɗano ke cewa sai ka nutsu kake jin sa. Ɗacinta kaɗan ne, kuma tana ƙarewa a bushe, ba ta barin danƙo a harshe. Sau da yawa daga ganga ake tsiyayo ta kai tsaye, iskarta ba yawa. A zuba irin wannan a babban kofi irin na Munik mai cin lita guda, kafin a kai rabi ta huce ta zama lami.

Sunan Kölsch bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Gidan Sünner ne ya fara tallata giyarsa da shi a 1918. A 1986 gidaje 24 suka sa hannu a wata yarjejeniya da ta fayyace cewa Kölsch dole ta zama fara, tatacciya, ta yistin sama, kuma a Kolon aka yi ta, in ban da 'yan gidaje na kewaye da suka riga suka saba. A 1997 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya.

Daga nan mu bi kogi mu gangara arewa. Tafiyar kilomita 40 ce kacal, a jirgin ƙasa ba ta wuce rabin awa. Dusaldof ita ce hedikwatar jihar tun 1946, duk da Kolon ta fi ta girma da tsufa, kuma wannan na cikin abin da ke rura tsokanar. Wanda ya san wasan Bakano da Bazazzagi ya san irinta: ba gaba ba ce, amma ba a bari ta kwana. Ka nemi Kölsch a tsohon garin Dusaldof, ko ka nemi tasu a Kolon, ka ji yadda ɗaki zai ɗauka.

Tasu sunanta Altbier, a taƙaice Alt, ma'ana tsohuwa, wato wadda aka yi bisa tsohuwar hanya kafin zuwan lager. Gidan Schumacher, da ke aiki tun 1838, shi ne mafi daɗewa, sai irin su Füchschen, Schlüssel da Uerige. Yistin dangin na Kolon ne, ajiyar sanyin ma haka, ƙarfin barasar ma kusan ɗaya, wajen kashi 5 cikin 100. Inda hanya ta rabu wuri biyu ne, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Na farko tsiro. Yadda mai kunun zaƙi ke jiƙa hatsi ta shimfiɗa shi ta rufe har ya fito da ɗan farin baki, haka ake yi wa sha'ir. Tsirowar ce ke buɗe hanyar da garin cikin ƙwaya zai juye ya zama zaƙi. Bayan nan sai a busar da shi a wuta, kuma a hannun mai wutar launi da garɗi suke. Ku tuna da gyaɗa. Ɗanya ɗanɗanonta daban. A soya ta sama-sama, ta yi wani. A bar ta ta yi ja, garɗi ya fito sosai. A ƙara mata minti biyu, ƙauri ya shiga. Mai yin Alt yana haɗa farin tsiro da wanda ya sha wuta, wani lokaci da ɗan kaɗan na wanda ya kusa ƙonewa. Abin da ke fitowa shi ne launin tagulla da ɗanɗano mai kama da ɓawon burodi, ko ƙanzon da aka kankaro daga gindin tukunyar tuwo, ko tumun gero da aka gasa a bakin gona. Gwaninta ita ce a samu garɗin ba tare da ƙaurin ba.

Na biyu ɗaci. Turawa na jefa furen wani tsiro mai yaɗo a cikin ruwan hatsin yana tafasa, Jamusawa na kiransa Hopfen. Shi ke kawo ɗaci, shi ke hana saurin lalacewa. A ma'aunin ɗacin da masu sana'ar ke amfani da shi, Kölsch kan tsaya tsakanin 18 da 30, Alt kuwa daga 25 har zuwa 50. Ta gidan Uerige tana can ƙarshen sama. Mai cin goro zai gane tsarin: ɗaci ne ke fara tarbar ka, ya kama harshe, sannan daga baya wani zaƙi ya biyo. A Alt garɗin tsiro ne ke tare ɗacin ya hana shi zama maƙaƙi. Sau biyu a shekara, a watan Janairu da Oktoba, gidan Uerige kan fito da wata mai ƙarfi da ɗaci fiye da ta kullum, ana kiranta Sticke, daga kalmar garin mai nufin abin da ake raɗawa a asirce.

To, mu koma ga mutanen Farfesa Quack. A ganina gwajin bai nuna cewa bambancin ƙarya ne ba. Wanda aka ba Alt mafi ɗaci da Kölsch mafi laushi a jere, da wuya ya ruɗe. Abin da gwajin ya tona shi ne kusancin da garuruwan biyu ba sa son a faɗa. Uba ɗaya, reno ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuma sanyin da ake shan su da shi yana danne ƙamshi. Tazarar da ta rage ta tsiro ce da ta ɗaci, kuma idan aka ɗauki na tsaka-tsaki daga kowane gari, tazarar kan ƙanƙance har harshe shi kaɗai ya kasa riƙe ta. Sauran aikin ido ne ke yi. Mutum ya ga ja, ya shirya wa garɗi tun kofi bai kai baki ba. Sai kuma zuciya, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Akwai wasu 'yan ruwa biyun a Amurka, kuma labarin ɗaya daga cikinsu juyin na Jamus ne sak. Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, jama'a suka yi ta kwarara San Faransisko, a cikinsu har da Jamusawa masu sana'ar giya ɗauke da yistin ƙasa. Suka tarar babu kogon dutse, ƙanƙara kuma sai an yi jigilarta daga nesa da tsada. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Sai suka riƙa zuba tafasasshen ruwan hatsin a manyan faranta marasa zurfi a saman rufi, iskar teku mai sanyi ta huce shi, sannan suka tilasta wa yistin sanyi ya yi aiki a ɗumin da bai saba ba. Aka riƙa kiranta steam beer, giyar tururi. Wasu sun ce saboda tururin da ke tashi daga rufin, wasu sun ce saboda hucin da ganga ke yi idan an buɗe ta. Abin shan leburori ce mai araha.

Gidan Anchor, da aka kafa a 1896, shi ya rage yana yin ta, kuma yana gab da durƙushewa a 1965 wani matashi, Fritz Maytag, ya sayi kaso mafi girma ya gyara shi. A 1981 suka yi wa sunan rajista, shi ya sa sauran masu yin irinta ke kiran tasu California Common. Launinta jan zuma ne, tana da garɗin gasasshen tsiro da ɗan zaƙin sukarin da aka narka a wuta, ɗacinta tsayayye, da ƙamshi mai kama da na itace da na'ana'a daga irin furen da ake kira Northern Brewer. Iskarta ta fi ta Jamus yawa. Ɗumin kuma ya sa yistin ƙasa ya saki ɗan ƙamshin 'ya'yan itace da ba ya saki a gidansu. Ku lura da wannan: Dusaldof ta ja yistin ɗumi zuwa sanyi, San Faransisko ta ja yistin sanyi zuwa ɗumi, suka taso daga gabas da yamma suka kusa haɗuwa a ɗanɗano ɗaya. Gidan Anchor ya rufe a 2023 bayan shekara 127, a 2024 kuma Hamdi Ulukaya, mai kamfanin yogot na Chobani, ya saye shi.

Ta huɗun ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sunanta cream ale, amma babu madara ko kirim a cikinta. Masu yistin sama na arewa maso gabashin Amurka ne suka ƙirƙiro ta don su yi gogayya da lager, suka haɗa sha'ir da masara. Masarar ta sa ta yi sauƙi, da ɗan zaƙi, ɗaci kuwa kusan babu. Wadda aka fi sani ita ce ta gidan Genesee a jihar Niyok, tun 1960. A cikin huɗun ita ce mafi ƙarancin hali, kuma da gangan aka yi ta haka.

Mai son ya ga girman aikin da sanyi ke yi a duk wannan labari, ya dubi ƙasashenmu. Burkutun da wasu al'ummomi ke yi a Filato da kudancin Kaduna, da pito na arewacin Gana, da bilbil na arewacin Kamaru da Cadi, duk daga tsiron dawa suke. Amma a zafinmu, ƙwayoyin da ke tsamar da nono da kamu suna shiga aikin tare da yisti, don haka tsami ne ke mulki, babu furen ɗaci, ruwan a gurɓace, kuma kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Abin da Kolon ke kashe makonni tana kora da sanyi, a nan shi ne ɗanɗanon.

Za mu rufe da kalma ga 'yan'uwanmu da tafiya za ta kai wannan yanki, musamman ɗalibai da abokan aiki kan gayyata cin abinci a irin waɗannan gidaje. Tun kafin Köbes ya dire kofi, ku gaya masa ba ku sha, ku nemi ruwa ko Apfelschorle, wato ruwan tuffa da aka sirka da ruwa mai iska. Ku tambayi abin da ke cikin abinci, domin naman alade ya yi yawa a girkin yankin. Wanda ake kira Halve Hahn, ko da yake sunan na nufin rabin zakara, burodi ne da cuku. Kuma idan aka miƙo muku kwalba aka ce ba ta da barasa, ku karanta jikinta da kyau. A Jamus, abin da aka rubuta wa alkoholfrei yana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin 100. Wadda aka rubuta wa 0,0 ita ce aka cire wa kusan gaba ɗaya.